Ɓarakar da ke jikin katangar tsaro

A shekarar 2014 kamfanin Cisco na Amurka ya sanar da wata ɓaraka a manhajar na'urarsa mai suna ASA, wato katangar da bankuna da ma'aikatu kan girka don tsare kwamfutocinsu daga masu kutse. Ɓarakar tana daidai shafin da ma'aikaci ke saka sunansa da kalmar sirri idan zai shiga aikin ofis daga nesa. Aka yi mata lamba CVE-2014-2120, aka ce haɗarinta matsakaici ne. Sai ga shi a ƙarshen 2024, bayan shekara goma cur, Cisco ya dawo yana gargaɗi cewa ɓata-gari na neman bi ta nan, domin har a lokacin akwai na'urorin da ba a toshe ba.

Masana na kiran irin wannan ɓaraka XSS, kuma yadda take aiki ba shi da wuyar ganewa. Ɗauki magatakardan hakimi da ke rubuta duk abin da aka raɗa masa, ya buga hatimi bai karanta ba. Wanda ya karɓi takardar zai bi umarnin da ke ciki, tunda hatimin na gaske ne. Haka shafin yake karɓar rubutun da aka turo masa ya mayar ba tare da ya tace ba. Mugu sai ya cusa umarninsa cikin adireshin shafin ya aika wa ma'aikaci, da zarar ya latsa, kwamfutarsa ta zartar, tana zaton daga gida maganar ta fito. Ta nan ake nuna masa gurbin kalmar sirri na jabu, ko a sace shaidar shigarsa.

Wasu za su ce abin bai kai ya kawo ba, ai sai mutum ya latsa da hannunsa. Gaskiya ne, amma wa zai yi shakkar adireshin da ke ɗauke da sunan ma'aikatarsa? Kuma akwai nau'in da ba ya jiran a aiko wa kowa da saƙo: a 2005 wani mai suna Samy Kamkar ya dasa irinsa a dandalin sada zumunta na MySpace, ya kama shafuka sama da miliyan ɗaya cikin ƙasa da kwana guda.

Wasu kuma za su ce ina ruwan mai sayar da rake a Makarfi, ko manomin tumatir a Ikara, da na'urar Cisco? Da ruwansa kuwa, domin kuɗin da ya tura a wurin mai POS a Hunƙuyi, da lambobinsa na BVN da NIN, suna ajiye ne a bayan katangu irin waɗannan, ko na wane kamfani ne. Shi ba abin da zai iya toshewa. Nauyin yana kan hukumomin da kan sayi na'ura da tsada su manta da sabunta manhajarta, alhali dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta wajabta musu tsare abin da jama'a suka damƙa musu.