Kiristocin da Suka Ƙi Ɗaukar Makami

A shekarar 295 miladiyya aka gurfanar da wani saurayi ɗan shekara 21, mai suna Maksimiliyan, gaban gwamnan Rumawa a garin Tebesa, cikin Aljeriya ta yau, don a sa shi aikin soja. Ya ce shi Kirista ne, ba zai yi ba. Aka lallashe shi, aka yi masa barazana, ya kafe. Aka fille masa kai.

Ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Malamai irin su Tartuliyan na Kartaj sun koyar cewa wanda Yesu ya umarce shi da ƙaunar maƙiyinsa ba shi da hurumin zare takobi. Har akwai tsohon tsarin ikkilisiya da ya hana yi wa mai neman shiga soja baftisma. A wurinsu batun na ibada ne: hannun da ya karɓi Jibin Ubangiji, yaya zai koma ya zubar da jinin ɗan Adam?

Lissafi ya sauya bayan 313, da Sarki Konstantin ya bai wa Kiristoci 'yancin addini. Daula ta koma hannunsu, kuma mai daula sai da dakaru. Agustin na Hippo ya shimfiɗa sharuɗɗan yaƙin adalci, kuma a kan wannan turba galibin ikkilisiyoyi suke har gobe. Hujjarsu ba ta wasa ba ce: wa zai kare marar ƙarfi idan kowa ya naɗe hannu?

Amma tsirarun masu ƙin ɗaukar makami ba su ƙare ba. Kwekas na Ingila, Menonawa da 'Yan'uwa na Jamus sun riƙe tsohuwar koyarwa. Masu kiransu matsorata ba su duba tarihi da kyau ba. Franz Jägerstätter, manomi ɗan Katolika daga Ostiriya, ya ƙi yi wa Hitila yaƙi, aka kashe shi a 1943, alhali har bishop ɗinsa ya ba shi shawarar ya yi biyayya. Sai a 1965 babban taron Fadar Vatikan na biyu ya nemi gwamnatoci su yi wa masu irin ra'ayinsa tanadi a doka, muddin za su yi wa al'umma wata hidimar.

Koyarwar ƙin ɗaukar makami ta samu gindin zama a ƙasarmu a 1923, lokacin da mishan na 'Yan'uwa suka sauka a Garkida, inda Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ta samo tushe. A nan ne kuwa aka gwada ta da wuta. Yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yan wannan ikkilisiya ne, kuma a Oktoban shekarar Boko Haram ta mamaye hedkwatarta da ke Kwarhi, kusa da Mubi. An ƙona majami'u, an raba dubban mabiya da muhallansu. Duk da haka shugabanninta ba su kira ramuwa ba, suka ci gaba da wa'azin gafara da tallafa wa 'yan gudun hijira, har da Musulmi.