Kimiyyar da ke Cikin Teburin Katako

A garuruwan Yelwan Yauri, Wara da Shanga, sau da yawa magidanci zai sa kafinta ya haɗa masa teburin cin abinci da damina, amma kafin hunturu ya wuce sai a ga saman teburin ya tsage, ko ƙafafunsa sun fara rawa. Akan ɗora wa kafinta laifi, alhali kuwa galibi ruwan da ke cikin katakon ne sanadi.

Itace yana ɗauke da ruwa iri biyu. Akwai wanda ke kwance a cikin ƴan ramukan ƙwayoyinsa, akwai kuma wanda ya shige cikin bangon ƙwayoyin. Idan aka sare itace, na farkon ne ke fara fita, kuma fitarsa ba ta rage girman katako. Sai danshin ya sauko zuwa kimanin kashi 30 cikin ɗari sannan bangon ƙwayoyin ke fara sakin nasa ruwan, daga nan ne katako ke soma motsewa. Ko bayan ya bushe, katako yana ci gaba da shan laima daga iska yana kuma sakinta. Da damina danshinsa na iya haura kashi 15 cikin ɗari, da hunturu kuwa ya faɗo ƙasa da kashi 7.

Masu sassaƙa jiragen ruwa a gaɓar Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar ruwan a 1968, sun daɗe da sanin wannan hali. Jirgin da ya jima a tudu yakan buɗe ƴan kafofi a mahaɗarsa, amma da an mayar da shi ruwa sai katakon ya kumbura, kafofin su matse. Abin da ke taimakon masunci shi ne ke ɓata wa mai tebur aiki.

Motsin katako bai zama daidai ta kowace fuska ba. Ta tsawonsa kusan ba ya canzawa, ta faɗinsa ne yake ƙaruwa ko ya ragu. Saman tebur mai faɗin santimita 90 na iya raguwa da fiye da santimita ɗaya tsakanin Agusta da Janairu. Idan aka danne shi da ƙusoshi ta ko'ina, ba shi da wurin motsi, don haka sai ya tsage. Maganin abin shi ne a ɗaure saman da sukuru daga ƙasa, a kuma faɗaɗa ramukan sukurun kaɗan domin katakon ya samu sarari.

Kafin a fara aiki, sai a jera katakon a inuwa, a sa ƴan sanduna tsakanin kowane biyu domin iska ta ratsa, a shafe bakin kowanne da fenti saboda ta nan ruwa ya fi saurin fita. A zaɓi zuciyar itace irin su maɗaci ko kawo, domin farin ɓangaren da ke kusa da ɓawo shi ne gara da ƙwari suka fi ci. Madobiya kuwa, yawan sararta don fitarwa ƙasashen waje ya sa a 2016 aka sanya ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa ido kan cinikinsu.

Tsayin teburin cin abinci yakan kai kimanin santimita 75, kuma kowane mutum yana bukatar faɗin santimita 60 a gefensa. Ƙarfin teburin yana mahaɗar ƙafa da katakon gefe. Ya fi kyau a huda rami a jikin ƙafar, a fere kan katakon gefen ya shige daidai, sannan a sa gam. Guntun katako da aka gicciya a kowace kusurwa yana samar da siffa mai kusurwa uku, wadda ba ta karkacewa. A ƙarshe a shafa mai ko fenti a sama da ƙasa baki ɗaya, domin idan fuska ɗaya ce kawai ke shan laima, katakon zai lanƙwashe.

Malamai na iya nuna wa ɗalibai wannan a ɗakin gwaje-gwaje. A auna nauyi da faɗin guntun ɗanyen katako, a busar da shi a zafin digiri 103 har nauyinsa ya daina raguwa, a sake aunawa. A raba nauyin da ya ɓata da nauyin busasshen, a ninka da 100. Amsar ita ce yawan danshin da katakon ke ɗauke da shi tun farko.