Yadda Ake Ɗaga Gaban Adaidaita Sahu Da Jak Ba Tare Da An Ji Ciwo Ba

A garejin gyaran adaidaita sahu, an saba ganin mutum biyu sun cicciɓi gaban keke, yaron gareji ya tura bulo ko tsohuwar taya a ƙarƙashi, bakanike ya zura hannu ya kama aiki. Yawanci ana gamawa lafiya, shi ya sa ake ganin babu komai. Amma ranar da bulon ya fashe, ko keken ya gangara baya, duk nauyin a kan hannun da ke ƙarƙashi zai sauka. Ga matashin da ke kai balas kullum, karayar hannu na nufin makonni a gida babu shiga, ga kuɗin magani, ga mai keke yana jira.

Tun da gwamnatin Obasanjo ta kawo Keke NAPEP a farkon shekarun 2000, sannan Kano ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013, keke mai ƙafa uku ya zama abin neman abincin dubban matasa. Da yawansu yanzu su ke yi wa kekensu ƙananan gyare-gyare, suna kallon bidiyo a YouTube ko TikTok. Matsalar ita ce gajeren bidiyo yakan fara ne daga inda aka riga aka ɗaga keken, ya tsallake matakin da ya fi kowanne haɗari.

Me ya sa gaban keke yake yaudara?

Kekunan fasinja da suka fi yawa a titunanmu, irin su Bajaj RE da TVS King, injinsu a baya yake. Saboda haka gaban ba shi da nauyi sosai, har mutum ya ɗauka abin wasa ne. Sai dai keken gaba ɗaya ya haura kilo 300 ko da babu kowa a ciki, wato ya fi buhun siminti shida.

Rashin nauyin gaban ma shi kansa matsala ne. Mota idan aka ɗaga mata ƙafa ɗaya, saura uku na ƙasa suna riƙe da ita. Keke kuwa da zarar tayar gaba ta bar ƙasa, tayoyin baya biyu kaɗai suka rage, kuma suna kan layi ɗaya, ga su a shirye su mirgina. Ƙaramin jijjiga, kamar a danna sifana da ƙarfi a kan notin da ya ƙi kwancewa, ya isa ya zame keken daga kan jak. Haka nan kan keken yana juyawa dama da hagu idan babu ƙasa a ƙarƙashin tayar. Duk jak ɗin da aka kafa a jikin ƙarfen da ke juyawa tare da tayar, to yana iya suɓucewa a kowane lokaci.

Kayan da ake buƙata

Na farko jak. Na ƙaramar mota mai ɗaukar tan ɗaya ya wadatar, ko mai siffar almakashi da ake murzawa da hannu, ko mai siffar kwalba da ke aiki da mai. Mai kwalbar yana da ƙarfi domin ɗan ƙaramin fiston ne ke tura mai zuwa ƙarƙashin babba, sai ƙarfin hannu ya ninka. Amma abin da ke riƙe wannan man roba ce ƙarama da bawul. Idan robar ta tsufa, jak ɗin yakan sauka a hankali ba tare da an lura ba, wani lokacin kuma ya saki gaba ɗaya. Dalili ke nan da ya sa ƙwararrun kanikawa ba sa barin nauyi a kan jak: aikinsa ɗagawa, riƙewa aikin wani abu ne daban.

Wannan abin shi ne matokari. Mafi kyau shi ne na ƙarfe mai ƙafafu da ake sayarwa a shagunan kayan mota. Idan babu, guntayen katako masu kauri da faɗi, waɗanda aka jera a kwance, za su yi aiki. Bulon siminti mai rami bai dace ba sam, domin ba ya lanƙwasa ko ya yi ƙara kafin ya fashe, rugujewa kawai yake yi. Dutse yana zamewa, tsohuwar taya kuma tana lotsawa.

Sai waigi guda huɗu na katako, biyu ga kowace tayar baya, da faffaɗan katako da jak zai zauna a kai, da sifanar da ta yi daidai da notin.

Kafin a ɗaga

A nemi wuri mai siminti kuma a miƙe. Yashi yana nutsewa, ƙasar damina tana santsi, kwalta ma takan yi laushi a tsakar ranar bazara har ƙafar jak ta shige ta. Idan dole sai a kan ƙasa, a shimfiɗa faffaɗan katakon nan. Waya na da amfani a nan: akwai manhajojin auna miƙewar wuri, wasu wayoyin ma da shi suke zuwa. A kwantar da wayar a ƙasa, za ta nuna ko akwai gangare da ido bai gani ba.

A kashe inji, a cire makulli, a sauke duk kayan da ke ciki, musamman na baya, domin nauyin baya yana ƙara ɗage gaban. A ja birkin hannu, a saka giya ta ɗaya, sannan a kafa waigi gaba da bayan kowace tayar baya. Kada a dogara da birkin hannu shi kaɗai, domin a kekuna da yawa wayarsa ta riga ta saki.

Idan tayar za a cire, a sassauta notunanta tun tana ƙasa, kamar rabin juyi kowanne, ba tare da an zare su ba. Nan ne ake buƙatar ƙarfi, gara a yi shi lokacin da keken ke tsaye da ƙafafunsa uku.

Inda ake kafa jak

Littafin da kamfani ke bayarwa tare da keke yana nuna wurin kafa jak, kuma ana iya neman na samfurin da ake da shi a intanet a ajiye a waya. Ƙa'idar dai ɗaya ce: a ƙarƙashin ƙaƙƙarfan ƙarfen shasi, bayan tayar gaba, a daidai tsakiya. Idan jak ya karkata gefe ɗaya, keken ma zai karkata. Farantin da direba ke ɗora ƙafa siriri ne, zai lotse ko ya huje, balle idan tsatsa ta ci shi. A haska da fitilar waya a tabbatar babu bututun man birki ko wayoyin giya da kuloci a wurin. Masu keken da aka mayar mai amfani da gas tun bayan cire tallafin fetur a 2023 su ƙara lura da inda bututun gas ya bi.

A sa ɗan katako tsakanin kan jak da shasi don hana zamewa. A ɗaga sannu a hankali, ana duban jak ɗin. Da ya fara jinginewa, a sauke a sake saiti. Tazarar yatsu biyu ko uku tsakanin taya da ƙasa ta isa a cire taya. Ƙarin tsawo ƙarin haɗari ne kawai. Daga nan a tura matokari ƙarƙashin shasi, a sassauta jak har nauyin ya zauna a kansa, a bar jak ɗin a wurin yana taɓawa. Sai a kama keken a ɗan girgiza shi. Idan ya motsa, aikin bai yi ba tukuna.

Lokacin aiki

Tayar da aka cire a kwantar da ita ƙarƙashin keken, ta zama kariya ta ƙarshe. Kada kowa ya shiga ciki ya zauna, kada a tayar da inji, kuma a nisantar da yara. Kafin a kwance birki ko boris, a ɗauki hoton yadda kayan suke a jere, zai taimaka wajen mayarwa.

Abubuwa biyu suna yawan cutar da masu koyo. Na farko, yawancin ƙananan tayoyin keke wilinsu ɓari biyu ne da aka haɗa da notuna, daban da notunan da ke riƙe tayar a jikin keke. Wanda ya kwance na haɗin alhali akwai iska a ciki, ɓarin ƙarfen na iya tashi ya same shi a fuska. A sace iskar duka kafin a taɓa su. Na biyu, idan an buɗe birki don canja fatarsa, kada a taka fedar birki, domin fiston zai fito, mai ya zube. Ƙurar birkin kuma a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, kada a hura da baki.

Saukewa

A mayar da taya, a ɗaura notuna da hannu tukuna, ana tsallakawa daga wannan zuwa na daura da shi don wilin ya zauna daidai. A ɗan ɗaga da jak, a zare matokari, a sauke a hankali, sannan a ƙarasa ɗaurewa da sifana. Waigi shi ne abu na ƙarshe da ake cirewa. Kafin a ɗauki fasinja, a gwada birki a layin da babu cunkoso, kuma a sake duba notunan bayan zirga-zirgar ranar farko.

Duk wannan shirin bai wuce 'yan mintoci ba. Idan kuwa shasin ya ci tsatsa har babu wurin da jak zai kama, ko gyaran ya shafi ƙarfen sitiyari, to aikin ya wuce na ƙofar gida, sai a kai wa bakaniken da ke da kayan aiki.