Yadda kwamfuta ke tantance saƙon tura kuɗi

A kasuwar hatsi ta Dawanau da ke ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, 'yan kasuwa da dama kan biya manoma ta wayar salula.

Kafin kuɗin su fita, kwamfuta kan bi saƙon daki-daki.

Tsarin NUBAN da Babban Bankin Najeriya ya ɓullo da shi a 2010 ya bai wa kowane asusu lambobi 10. Ta ƙarshen ana lissafo ta ne daga sauran taran da lambar bankin.

Idan aka kuskure lamba ɗaya, galibi lissafin kan saɓa, a ƙi saƙon.

Amma idan kuskuren ya dace da asusun wani, duba sunan da ya bayyana ne kaɗai zai ceci mai turawa.