Keken saƙa ya zama allon koyon kwamfuta

A shekara ta 1804, a birnin Liyon na ƙasar Faransa, Joseph-Marie Jacquard ya kammala wata masaƙa mai aiki da katuna masu huji. Inda akwai huji, zare ya ɗaga. Inda babu, ya zauna. Daga nan ne Charles Babbage na Ingila ya aro dabarar bai wa injinsa na lissafi umurni, Ada Lovelace kuma ta bayyana wannan dangantaka a 1843. Ashe masaƙa ta riga kwamfuta sanin bin umurni a rubuce.

A 2006, masaniya Jeannette Wing ta Amurka ta yi kira da a koya wa kowane yaro tsara tunani irin na mai bai wa kwamfuta umurni, tamkar yadda ake koya masa karatu da lissafi. Wasu malamai a Turai da Amurka sun ga keken saƙa ya dace da wannan aiki.

Keken Brother, irin wanda mata ke saƙa rigunan sanyi na jarirai da shi, yana da allurai 200, katinsa kuwa faɗinsa gida 24 ne. Yaro zai zana adonsa a takarda mai gida-gida, ya huda katin: huji na nufin jan zare, rashin huji fari. Sai a haɗa bakin katin da gindinsa, ya riƙa zagayawa yana maimaita adon. Nan lissafi ke shigowa: 24 ya shiga 200 sau 8, saura allurai 8. Ina za a kai su? Wanda bai tanadi amsa ba, zai tarar da adonsa a gutsure a gefen riga.

Amfanin ke nan. Kuskure a kan allon kwamfuta gogewa ake yi, a manta. Huji guda da ya kauce kuwa yana fitowa sau 8 a layi ɗaya, ya kuma dawo duk lokacin da katin ya zagayo. Dole yaron ya bi sawu, gida bayan gida, har ya gano inda ya ɓata, ga zare ya riga ya ci kuɗi, abin da kowane ɗan kasuwa zai fahimta.

A birnin Munik na Jamus, masu shirin AYAB sun sanya wa tsofaffin kekunan Brother masu lantarki ƙaramar na'urar Arduino, ta yadda kwamfuta ke aika zanen kai tsaye, ya cika allurai 200 ba tare da kati ba. Sai dai wannan na buƙatar wuta da kwamfuta. Keken kati da hannu ake tura shi, yana aiki ko a makarantar da lantarki bai isa ba.