Rinin jikin jita: aikin da ba ya karɓar gyara

A watan Afrilun 2020 kamfanin Fender na Amurka ya sanar da cewa zai rage amfani da katakon ash a yawancin jitocinsa na lantarki. Dalilai biyu ya bayar: ambaliyar da ke daɗewa a dazuzzukan kogin Mississippi, inda ake saran nau'in ash marar nauyi, da kuma wani koren ƙwaro daga Asiya, wanda aka fara ganowa a jihar Michigan a 2002, ya kuma kashe miliyoyin bishiyoyi. Tun daga lokacin, mai son haɗa jitarsa da hannunsa ya ƙara sanin darajar katakon da ke gabansa, domin idan ya lalata shi da rini, samun madadinsa sai da tsada.

Asalin wannan sana'a yana komawa ga Leo Fender, mai gyaran rediyo a garin Fullerton na jihar Kalifoniya. Jitar da ya fitar a 1950, wadda aka raɗa wa suna Telecaster a 1951, da Stratocaster ta 1954, duka da sukurori huɗu ake ɗaure wuyansu a jikin gangar. Wannan ya sa kowa na iya sayen gangar daban, wuya daban, ya harhaɗa. A yau kamfanoni irin su Warmoth suna sayar da gangar tsirara, ba fenti.

Fenti da rini ba ɗaya ba ne. Fenti yana rufe katako, har da aibinsa, kamar launukan mota na DuPont da Fender ya riƙa fesawa a shekarun 1960. Rini kuwa nutsewa yake yi cikin katakon, ya fito da zanen jijiyarsa. Shi ya sa nau'in katako ke yanke hukunci. Ash yana da zane mai kyau da manyan ƙofofi, don haka sai an cike su da mai cike ƙofa, wanda wasu ke zaɓar baƙi don zanen ya fito raɗau. Alda, wanda Fender ya koma amfani da shi a 1956, zanensa ba ya da armashi, kuma yana shan rini wani wuri fiye da wani, har ya yi dabbare-dabbare. Shi kuwa mapul mai zanen igiyar ruwa, dabarar da aka saba ita ce a fara rina shi baƙi, a goge da samfefa har baƙin ya rage cikin zanen kawai, sannan a ɗora shuɗi ko ja a kai.

Yawancin kurakurai kafin a buɗe kwalbar rini ake yin su. Ana goge katakon a bi tsawon jijiya har zuwa samfefa mai lamba 220. Duk wani ƙarzani da aka yi a karkace zai sha rini ya yi duhu, duk inda ɗigon gam ya bushe kuma zai ƙi sha, ya bar farin tabo. Idan rinin na ruwa ne, ana fara jiƙa katakon da tsumma mai laima, a bar gashinsa ya miƙe ya bushe, a sake gogewa. Gefunan gangar, inda jijiyar ta yanke, sun fi ko'ina sha, don haka ake tsinka rinin a wurin. Masu hankali kan gwada launi a ramin da wuya zai zauna, inda ba mai gani.

Bayan rini sai abin da zai rufe shi. Banish na nitroselulos, irin na jitocin da, yana ɗaukar makonni kafin ya yi taurin da za a goge shi ya yi sheƙi, tururinsa yana cutar da huhu, yana kuma kama wuta. Mai wannan aiki a Abuja yana da ƙarin matsala: laimar damina kan sa banish ya yi hazo fari, ƙurar hunturu kuma kan manne a kansa kafin ya bushe.

Zaɓen kayan haɗi kuwa da awo yake farawa, launi ya biyo baya. Tsawon tsirkiya daga kan wuya zuwa jaki inci 25.5 ne a tsarin Fender, inci 24.75 a na Gibson. Idan aka haɗa wuyan da bai dace da gangar ba, jitar ba za ta taɓa yin daidai a sauti ba, komai kyanta. Haka ramukan na'urar ɗaukar amo: mai naɗin waya ɗaya siririya ce, mai naɗi biyu da Seth Lover ya ƙera wa Gibson ta fi faɗi. Ƙa'idar ita ce a tara kayan duka, a gwada haɗa su, a huda ramuka, a kwance, sannan a yi rini.

Daga nan ne ido ke aiki. Ƙarafa masu ruwan zinari sun fi zama da ja mai duhu ko ruwan zuma, masu ruwan azurfa kuma da shuɗi ko toka. Baƙin faifan kariya a kan ash mai ruwan man shanu shi ne kamannin Telecaster na farko. Allon yatsu mai duhu na rosewood, wanda Fender ya shigo da shi a 1958, shi ma yana da nasa labarin. Yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsa a 2017, kafin a sassauta wa kayan kiɗa a 2019. A 2017 ɗin ne kuma aka sanya madobiya, wadda 'yan kasuwa ke kira koso, cikin jerin itatuwan da ake sa wa ido, bayan saran da aka yi mata a jihohi irin su Taraba don fitarwa zuwa Sin. Mai odar wuya ko katako daga waje zai yi kyau ya tambayi nau'in itacen da takardunsa kafin ya biya kuɗi.