Dami Ɗari A Gona Ba Dami Ɗari Ba Ne A Kasuwa

Cinikin harawa da ingirici sana'a ce da ribarta ta dogara ga jira. Ɗan kasuwa yakan sayi harawar gyaɗa da ta wake a lokacin kaka, wato daga watan Oktoba zuwa Disamba, sa'ad da take da araha, ya adana ta har zuwa bazara, lokacin da ciyawa ta ƙare a daji kuma masu turka raguna suka matsu. A shekarar 2025 Babbar Sallah ta faɗo ne a watan Yuni, daidai lokacin da abincin dabbobi ya fi tsada. Sai dai wata asarar da ake tafkawa a wannan sana'a tana aukuwa ne tun a gona, a 'yan kwanakin da ke tsakanin ɗaurewa da kwashewa.

Kayan iri biyu ne. Akwai damin da manomi ke ɗaurewa da hannu, akwai kuma ƙaramin ɗauri mai kusurwa huɗu da inji ke matsewa, irin wanda ake yi a manyan gonakin kiwo, wanda nauyinsa kan kai kilo 18 zuwa 27. Dukansu abokan gabarsu ɗaya ne.

Na farko shi ne danshi. Ɗaurin da ke kwance a ƙasa yana shan laima daga ƙarƙashi, raɓa kuma tana jiƙa shi daga sama. Idan aka yi rashin sa'a ruwan ƙarshen damina ya sauka a kansa, zai wanke wani ɓangare na sinadaran da ke ƙosar da dabba, sannan fumfuna ta biyo baya. Na biyu rana ce, wadda ke mayar da koren ganye fari, ta busar da shi har ya riƙa kakkaɓewa. Wannan babbar asara ce, domin a ganyen ne mafi yawan sinadarin gina jiki yake, kuma shi mai saye ke dubawa kafin ya taya. Bayan waɗannan akwai gara, da dabbobin da ake saki bayan girbi, da gobarar daji.

Saboda haka ka'ida ta farko ita ce kada a ɗaure ciyawa sai ta bushe. Masana aikin gona sun yi ittifaƙi cewa danshin ƙaramin ɗauri bai kamata ya wuce kashi 20 cikin ɗari ba. Wanda ba shi da na'urar awo yana iya murɗa ƙunshi ɗaya da hannu. Muddin ya ji sanyi ko ya ga alamar ruwa a karan, to da saura. Ciyawar da aka jibge da danshi takan ɗauki zafi da kanta, musamman a makonni shida na farko. Idan zafin cikin tarin ya kai digiri 65 a ma'aunin Salsiyos an shiga haɗari, idan kuwa ya doshi 80 wuta na iya tashi ba tare da kowa ya ƙyasta ashana ba.

Ka'ida ta biyu, a kwashe kayan a ranar da aka ɗaure su, ko washegari. In babu abin hawa, a tsayar da su a jingine da juna kaɗan-kaɗan domin iska ta ratsa. An fi so a yi lodi da sanyin safiya ko da yamma, lokacin da ganyen bai cika karyewa ba, kuma a guji jifa da su.

Ka'ida ta uku ta shafi ma'ajiya. Al'adar ɗora harawa a kan bishiya ko rufin ɗaki tana kare ta daga gara da awaki, amma tana barin ta a rana. Abin da ya fi shi ne rumfa mai rufi, a shimfiɗa katako ko itace bisa duwatsu, a jera kowane layi a gicce kan na ƙasa da shi, a bar rata tsakanin tarin da bango. Mai rufewa da tamfol ya bar gefe a buɗe, domin kada gumi ya taru. A share ciyawar da ke kewaye saboda gobara, sannan a fara sayar da wanda aka fara ajiyewa.

Lissafin a bayyane yake. Wanda ya sayi dami 100, guda 20 suka lalace, sai farashin sauran 80 ya ƙaru da kashi 25 cikin ɗari kafin ya mayar da uwar kuɗinsa, ban da kuɗin mota da ladan 'yan dako. Don haka ya kamata mai niyyar zuba jari a harawa ya tanadi rumfa da abin hawa tun kafin ya biya kuɗin dami na farko.